Fallayen Gora Uku

Kubura ta rasu ranar Talata da hantsi, tana cikin tankaɗen garin tuwo. Kafin la'asar an kai ta. Mutanen unguwarsu a Daura suka ce Malam Maliki ya yi rashin mata, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin suka sani. A ranar ya kuma rasa hanya ɗaya tak da yake bi ya yi magana da ɗansa.

Suhaibu ɗan fari ne. A gidan da Maliki ya tashi, can Sandamu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa, ko faɗa ma ba ya yi masa ido da ido. Mutane da yawa sun saki wannan kunyar tuntuni. Maliki kuwa, da ya yi shekara goma sha tara yana busa saksofon a otal-otal na Kaduna da Kano, ya saki abubuwa da dama na gidansu, har da waɗanda bai kamata ya saki ba, amma wannan ɗin ya riƙe ta gam. Shekara ashirin da bakwai, in maganar yaron ta taso, "mutumin naki" yake cewa.

Kubura 'yar Fagge ce, ba ruwanta. Ta ce ba ta yi naƙudar kwana biyu don ta haifi wanda za ta riƙa ɓoye wa fuska ba. Don haka ita ce mai kai saƙo. Ranar da Suhaibu, yana ɗan shekara sha biyar, ya jawo tsohon akwatin saksofon ɗin daga ƙarƙashin gado ya hura abin ya yi kukan jaki, Maliki bai fito ba. Daga ɗaki ya ce, "Gaya wa mutumin naki ya saki haɓarsa." Ita kuma ta leƙa tsakar gida ta ce, "Babanka ya ce kana busa kamar mai tsoron a ƙwace. Saki haɓa." Haka aka yi karatun, shekara goma sha biyu, malami a ɗaki, ɗalibi a tsakar gida, a tsakaninsu matar da ba ta san sunan ko maɓalli ɗaya ba amma ba ta taɓa ɓatar da saƙo ba. Wani lokaci ma takan ƙara masa abin da ba a ba ta ba. Maliki yana jin ta tana cewa, "Ya ce yau ka yi ƙoƙari," alhali bai ce ba. Bai taɓa ƙaryata ta ba.

Abin da yaron ya zaɓa ya busa kuwa, ba irin na ubansa ba ne. A zamanin Maliki saksofon abin lallashi ne. Ana so ya fito da laushi da ɗumi, ma'aikatan gwamnati su yi rawa a hankali da matan da ba nasu ba. Suhaibu ya tsinci kiɗan rok a wayarsa, inda gita ke ihu ganguna na dukan ƙirji, kuma duk mai busa da ke son a ji shi a cikin wannan hargowa dole ya daina ladabi. Ya koyi gurnani, wato ya riƙa fitar da murya a maƙogwaro yana hurawa a lokaci ɗaya, sautin ya fito a yage kamar an ja zani a kan ƙusa. Ya koyi kaɗa harshe har busar ta riƙa karkarwa. Ya koyi sauke muƙamuƙi a tsakiyar sauti ya lanƙwasa shi ƙasa, sannan ya maido shi. Maliki ya ce wa Kubura wannan ba busa ba ce, yankan rago ne. Amma duk sanda aka fara, sai ya rage muryar rediyonsa.

Abu ɗaya ya rage wa Suhaibu, shi ne kururuwa: sautin nan na can ƙololuwa, sama da inda maɓallan saksofon suka ƙare, wanda sai da baki da maƙogwaro ake ƙwato shi.

Bayan sadakar arba'in da mako biyu, Suhaibu ya zo bakin ƙofar ɗakin ubansa ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

"Baba, ranar Lahadi wasu baƙi za su zo daga Damagaram. Masu gita ne. Suna neman mai busa, za su gwada ni."

"To."

"In an dace, da su za a tafi Yamai."

"To. Allah ya taimaka."

Suhaibu ya ɗan jira, ko da sauran magana. Maliki yana da tambaya wajen goma a bakinsa. Ya ɗauki littafinsa ya buɗe, yaron ya tashi.

Tun rasuwar ba a busa a gidan. Suhaibu kan je wani tsohon sito da ke bayan shagon Sada a hanyar Kongolam. Sada tsohon makaɗin ganga ne, tare suka yi yawon otal da Maliki, yanzu gyaran janareto yake yi yana kuma zagin duk wanda ya kawo masa. Maliki, wanda a da sai ya yi wata bai leƙa shagon ba, ya wayi gari yana zuwa kullum da azahar.

"Mai ƙaho," Sada ya ce a rana ta uku, "tun yaushe ka fara ƙaunata haka?"

"Shayi na zo sha."

"Shayin da ka ce ɗanɗanon bakin mai yake yi?"

"Na saba da wahala."

Ta bayan bangon langa-langa gurnanin ya taso, ya cika shagon. Sai sautin ya fara hawa, mataki-mataki, ya kai inda maɓallai suka ƙare, ya yunƙura. Kururuwar ta fito, siririya, mai kaifi, ta tsaya a sama kamar daƙiƙa uku. Gashin jikin Maliki ya miƙe. Aka sake gwadawa, ta fashe. Aka sake, ta fashe. A gwaji na biyar ta sake fitowa.

"Biyu cikin biyar," in ji Sada, yana goge hannu da tsumma. "Ni dai in ni ne baƙin nan, na ɗauke shi. Kai a zamaninka sau nawa ka yi wannan?"

"A zamanina ba a biyan mutum ya firgita jama'a."

"Wato ba ka iya ba."

Kunnen Maliki na wajen bangon. Ya ji abin da Sada ba zai ji ba. Kafin kowace kururuwa akwai wata 'yar maƙurewa a sautin, alamar yaron yana cizo. Yana danna haƙoran ƙasa a cikin leɓensa, yana matse fallen gora da ƙarfin tsiya. Fallen nan, ɗan siririn yankin gora da ake ɗaurawa a bakin saksofon, shi ke rawa ya haifar da sauti. In ya yi tauri da yawa, mai busa ba ya sanin sanda zai fara cizonsa.

Da yamma ya tabbatar. Suhaibu ya zauna cin tuwo a tsakar gida, ya kai loma ɗaya, yajin miya ya taɓa leɓen, ya runtse ido ya ture kwanon. A kan igiyar shanya akwai hankicinsa da ɗigon jini a jiki.

Da Kubura na nan, maganar ba ta fi ta numfashi ɗaya ba. Gaya wa mutumin naki ya daina cizo, ya ɗaga bayan harshensa, iskar ta yi aikin. Maliki ya juya ya dubi ƙofar madafi, inda ta saba tsayawa da ludayi a hannu, ya ga tsintsiya a jingine.

Ranar Juma'a fallen da Suhaibu ke aiki da shi ya tsage. Maliki ya ji hakan ta bango, ya kuma ji yaron yana gaya wa Sada ba komai, yana da sababbi uku da ya ajiye don Lahadi, kuma daga yau zai huta ya bar leɓen ya warke. Tun daga nan hankalin Maliki bai sake kwanciya ba. Sabon falle ya fi tsoho tauri, kowa ya san wannan. Leɓe a fashe, falle sabo fil, ga baƙi sun zuba ido. Ya ƙirga abin ta kowace fuska, amsar ɗaya ce.

Ranar Asabar da hantsi Suhaibu ya hau babur zuwa Mashi, wajen ƙanwarsa Ikilima da ke aure a can. Maliki ya jira ƙarar babur ɗin ta ɓace. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya shiga ɗakin ɗansa.

Akwatin na kan tabarma. Fallayen uku na cikin wani ɗan kwali, kowanne a rigarsa ta roba. Ya ɗaga ɗaya a hasken taga. Kauri kamar ƙofar gidan yari. Ya girgiza kai. Yaran yanzu suna zaton duk abin da ya fito daga kanti ya gama haɗuwa. Su a zamaninsu ba mai sa sabon falle a baki sai ya gyara shi. Shugaban ƙungiyarsu a Kaduna, wani dattijo mai jan ido, shi ya koya musu: a jiƙa shi, a ɗora a kan gilashi, a bi shi da reza a hankali daga tsakiya zuwa baki, kada a taɓa gefe, sannan a goge da ganyen ɓaure har sawun rezar ya ɓace. A duk ƙungiyar babu wanda ya kai Maliki hannu. Har daga wasu otal ake aiko masa.

Ya ciro madubin Kubura daga bango ya kwantar. Ya ɗauko sabuwar reza. Ya tsinko ganyen ɓaure a bayan gida. Ya jiƙa fallayen. Ya yi na farko, ya ɗaga a haske, ya ga hasken na ratsa shi daidai yadda ake so. Ya yi na biyu. A kan na uku ya ɗan tsaya, wata zuciya ta ce ya bar ɗaya yadda yake. Sai ya ce a ransa, in yaron ya ɗauki wannan ɗin fa, aikin ya tashi a banza ke nan. Ya yi na ukun ma.

Ya mayar da su rigunansu, ya share garin goran da tafin hannu, ya rataye madubin. Ko shi da ya yi aikin, da ido kawai ba zai gane an taɓa su ba. Ranar ya ci abincin rana har da ƙari. Tun rasuwar Kubura, wannan ne karo na farko da ya ji ya gaya wa ɗansa wani abu.

Lahadi da safe ya ji Suhaibu a ɗaki yana gwada ɗaya, a hankali, sautukan ƙasa kawai, don kada ya tayar da ciwon leɓen. Suka fito da laushi da ɗumi, kamar ana raɗa. Maliki ya yi murmushi a bayan littafinsa. Ya saka hula ya nufi shagon Sada, don farin ciki ma yana son wurin zama.

"Yau ce ranar," in ji Sada. "Ka ga yadda kake sheƙi, kamar kai za a gwada."

"Ni an gama gwada ni."

"An gama, an kuma ba da sakamako." Sada ya tura masa kofi. "Amma yaron nan ya shirya. Ka san fallayen nan nasa mako uku ya yi yana jiran su? Daga Legas aka kawo Kano, daga Kano direba ya kawo masa. Na ce kai, duk goran da ke Kano bai ishe ka ba? Ya ce wai na Kano masu laushi ne, shi mai tauri yake nema."

Maliki ya ajiye kofin.

"Mai tauri?"

"Da gangan. Wai ita kururuwar nan, in ka matsa wa mai laushi sai ya manne da bakin ya rufe, iska ta rasa hanya. Ɗif, kamar an toshe. Sai mai ƙashi a jiki ke iya tsayawa. Ni me na sani, fata nake duka." Ya dube shi. "Lafiya? Ko shayin ne?"

Abin da ya fi ci wa Maliki rai shi ne ba sabon ilimi ba ne. Ya sani. Wata rana a Kaduna, shekara arba'in da suka wuce, ya taɓa zuciya ya matsa wa saksofon ɗinsa don ya ga iyakarsa, fallen ya rufe, ya tsaya a gaban jama'a kumatu a kumbure babu sauti. Daga ranar bai sake nufar sama ba, ya kuma bar abin ya shige masa duhu. Ya yi wa ɗansa gyaran da ya dace da busar da ɗan ba ya yi.

"Ƙarfe nawa ne?" ya tambaya.

"Sha ɗaya saura. Gwajin sai huɗu. Ina za ka?"

Ya fita ya tsaya a bakin titi. Motocin Kano na wucewa. Awa biyu da rabi zuwa, in hanya ta yi kyau, sannan a nemo shagon da ke buɗe ranar Lahadi a Sabon Gari, sannan a dawo. Ko an yi sa'a, masu laushi za a samo. Ya koma gida da sauri har numfashinsa na sarƙewa, ya zazzage tsohuwar jakarsa. Ya sami falle ɗaya na zamanin da, ya yi baƙi, bakinsa a cinye. Shi ma ɗin a kankare yake. Duk abin da ya taɓa ratsa hannunsa a kankare yake.

Saura hanya ɗaya. In yaron ya sani, zai iya yanke bakin fallen kaɗan da almakashi ya ƙara masa tauri, ko ya roƙi baƙin su ɗaga gwajin, ko aƙalla ya shiga da sanin inda ramin yake. Maliki ya ɗauki waya ya kira Ikilima.

"Baba, ina kwana? Lafiya dai?"

"Lafiya. Ki kira yayanki ki ce ya gwada fallayensa kafin ya fita. Har sama."

"Baba, ba yana gida ba? Ina jin ko taku goma babu tsakaninku."

"Ke dai ki kira shi."

"Wallahi ku biyun nan sai kun sa mini hawan jini. Umma ta yi haƙuri da ku." Sai ta ji abin da ta faɗa. "Bari in kira shi."

Ta bango ya ji wayar Suhaibu ta yi ƙara. Ya ji shi yana dariya, yana cewa ya gwada da safe, lafiya lau suke, sun ma fi yadda ya zata daɗin baki. Sama kuwa sai a can, leɓen sau ɗaya zai iya ɗaukar wannan aikin yau, ba zai ɓarar da shi a ɗaki ba. "Ki ce wa Baba na gode," ya ce. Muryarsa ta yi wani irin haske da ya faɗi haka.

Ƙarfe uku Suhaibu ya fito da akwatin, sanye da baƙar riga da wandon da ya sha guga. Maliki na tsaye a zaure, ya tare hanya. Yaron ya ajiye akwatin ya tsuguna. Maliki ya dubi tsakiyar kansa, inda gashi ya fara raguwa irin nasa. Kalmomin na nan a shirye, ya jera su tun azahar. Amma kafin su fito sai ya faɗi cewa ya shiga ɗakin, ya buɗe akwatin, ya kuma kwana biyar yana laɓe a shagon Sada yana saurare. Dole kuma sai ya dubi yaron ya ce na yi maka ɓarna. Shi Maliki, ubansa bai taɓa ce masa ko sannu ba har ya mutu, shi kuma bai san ta inda ake fara irin wannan magana ba.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"Leɓen fa?"

Suhaibu ya ɗago kaɗan, da mamaki, ya sake sunkuyawa. "Da sauƙi."

"To." Maliki ya dubi akwatin. "Ka… ka bi a hankali. Titin nan da manyan motoci."

"In sha Allahu. A yi mini addu'a."

Ya matsa gefe, yaron ya wuce.

A wani zauren biki da ke hanyar Kano aka yi gwajin. Maliki ya hau ɗan acaɓa ya bi baya, ya sauka nesa, ya zagaya ta bayan ginin ya tsaya ƙarƙashin darbejiya kusa da wata taga da gilashinta ya fashe. Janareto na ruri a gefensa. Ta tsagar yana hango mutum huɗu da gitoci da ganguna, da shugabansu, wani dogo mai rawani shuɗi da ake kira Jibril.

"To, ɗan Daura," in ji Jibril, "mu za mu tafi, kai ka biyo mu. In na ɗaga maka kai, filin naka ne."

Suka fara. Kiɗan ya fi yadda Maliki ya zata sauri, gita biyu na bin juna kamar karnuka. Suhaibu ya shigo da gurnani, kuma fallen mai laushi ya ba shi fiye da yadda ya roƙa. Sautin ya fito a yage, mai kauri, har mai ganga ya yi ihu. Ya lanƙwasa wani sauti ƙasa ya riƙe shi a can har sai da Maliki ya ji a cikinsa, sannan ya sake shi. Ya kaɗa harshe, zauren ya ɗauka. Jibril na dariya yana duban mutanensa. Maliki ya kama reshen darbejiyar. Wataƙila ba za a nemi saman ba. Wataƙila wannan ya isa. Ya yi addu'ar da bai yi irinta ba ko ranar rasuwar Kubura.

Kiɗan ya ƙara zafi, ya taru wuri ɗaya, gitocin suka ja baya suka bar fili. Jibril ya ɗaga kai.

Suhaibu ya hau, mataki-mataki. Ya kai ƙarshen maɓallai, ya cika ƙirji, ya matsa.

Babu abin da ya fito. Kumatunsa a kumbure, jijiyar wuyansa a miƙe, gangar na ci gaba ita kaɗai a filin da aka bar masa.

"Ba komai," in ji Jibril, ya ɗaga hannu aka tsaya. "Yana faruwa. A sake."

Suhaibu ya kwance fallen da sauri ya ɗaura na biyu. Maliki ya rufe ido. Aka sake tafiya, aka sake isowa wurin. Wannan karon wani ɗan tsiwa ya fito, irin na ɗan tsako da aka taka, sannan ɗif. Mai ganga ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba. Na uku ma aka ɗaura. Yaron ya ciza da duk ƙarfinsa, don abin da jikinsa ya sani ke nan, kuma iya cizon iya rufewar. Da ya cire bakin daga leɓensa, jini ya gangaro masa a haɓa.

Tagar a fashe take. Taku ɗaya ne da ɗaga murya. Maliki ya buɗe baki, ya ga mutum biyar za su juyo su ga tsoho a laɓe bayan janareto, ya ga ɗansa zai juyo. Ya tsaya a haka har Jibril ya dafa kafaɗar Suhaibu.

"Sautinka na ƙasa ya yi, wallahi ya yi. Amma mu waƙoƙinmu duk a can sama suke ƙarewa. Falle uku ka canza, ɗan'uwa, ka ga ba daga gora ba ne. Bakin ne bai nuna ba tukuna. Ka ba shi shekara ɗaya ko biyu."

"Ina samunta," in ji Suhaibu a hankali. "Wallahi ina samunta."

"Na yarda. A ɗaki kowa na samunta."

Maliki ya riga shi isa gida, ya zauna da littafi a hannu. Suhaibu ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Ba a dace ba, Baba."

"Haka Allah ya so."

Ya ji kunyar jingina wa Allah aikin rezarsa, amma ya riga ya faɗa.

Ya yi niyyar faɗa washegari. Washegari ya ga yaron bai fito ba, ya ce bari ya huce. Ranar Laraba ya ji shi yana gaya wa Ikilima a waya cewa shekara goma sha biyu yana yaudarar kansa, Umma ce kawai ke jin daɗin busarsa don ita ta haife shi, gara da aka gaya masa gaskiya tun da sauran ƙarfinsa. Suhaibu ya jefa fallayen uku a murhu. Mako na gaba ya kai saksofon ɗin Kano, wata majami'a a Sabon Gari ta saya. Bai dawo ba. Wani abokinsa ya samo masa aikin lodin kaya a wani kamfanin sabulu, ya aiko a kai masa sauran tufafinsa.

Sada ya zo har gida, abin da bai saba ba. "Ni abin nan ya ɗaure mini kai," ya ce. "Da kunnena na ji yaron nan yana yi. Kai da ka san abin, me ya faru?"

"Rana ce ba tasa ba."

"Kai dai mugun uba ne, mai ƙaho. Ko jaje ba ka iya ba."

"Haka ne," in ji Maliki, kuma Sada ya yi mamakin rashin musun.

Duk Juma'a bayan masallaci Suhaibu kan kira. Ina wuni, ya jiki, ya unguwa, akwai abin da ake buƙata. Minti biyu. Maliki ya gano waya ta fi zaure sauƙi, tunda babu tsakiyar kan da zai kalla, sai ya fara shiri. Ya rubuta maganar a bayan wani littafi, ya soke, ya rage ta har ta koma layi biyu. Juma'a huɗu yana riƙe da littafin a cinya, ana sallama bai karanta ba. A ta biyar, bayan an gama gaisuwa, ya ce, "Tsaya. Akwai wata magana."

"Na'am, Baba." Bayansa ana ta hayaniya, mota na ƙugi, wani na ƙwala kira. "Baba, yi haƙuri, mota ta shigo, oga na nemana. Mai tsawo ce?"

"A'a. Je ka. Sai Juma'a."

Ranar Laraba Sada ya ga kwana biyu bai ga abokinsa ba, ya zo ya tura ƙofa, ya tarar rai ya yi halinsa. Aka kai Maliki kusa da Kubura kafin la'asar. Littattafansa Ikilima ta zuba a buhu ta ba wata makaranta, ba wanda ya buɗe bayan ko ɗaya. Suhaibu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya zauna karɓar gaisuwa, mutane na gaya masa ubansa mutum ne mai kunya, irin waɗanda babu su yanzu.

Layi biyun da Maliki ya rubuta a bayan littafin ba su da wani tsawo. Suhaibu, ni na kankare fallayen nan da reza, duka ukun. Bakinka lafiyarsa ƙalau, kuma abin da na ji kana yi a bayan shagon Sada, ni ban taɓa iya shi ba.